Wai daga ɓargo ciwon yayana yake, mi ke kawo shi?

Ɗan Ader: Salamu alaikum jama'a. Yayana ne wata shida ke nan yana ta ramewa, zufar dare har tabarma ta jiƙe, tuwo loma uku sai ya ce ya ƙoshi, gefen cikinshi na hagu ya yi tauri kamar dutse. Ya sha maganin palu har ya gaji, sai muka baro Tawa muka zo Yamai aka yi analiz, lokotoro ya ce fararen ƙwayoyin jininshi sun wuce 150,000, wai LMC ne, wata irin kansar jini. Inna ta ce sammu ne, matarshi kuma kuka take kada yara su gada kamar emasi (sikila). Don Allah a yi muna bayani.

Mai aikin labo: Allah ba shi lafiya ɗan'uwa. Ka kwantar wa matarshi da hankali, ba gadonshi ake ba kuma ba a ɗauka wurin cin abinci tare. Ɓargo shi ne ma'aikatar jini, to cikin ƙwaya guda ta ɓargon ne kuromozom (zaren da ke ɗauke da umarnin ƙwaya) na 9 da na 22 suka karye suka yi musayar guntaye, ana ce mishi kuromozom Filadelfiya don can birnin Filadelfiya na Amurka aka gano shi a 1960, wanga haɗin ke haifar da BCR-ABL, shi kuma kamar makunnin wuta ne da ya maƙale, ƙwayar ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Mai lafiya fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 10,000 gare shi, ka ga tazarar. Taurin hagun nan saifa ce ta kumbura tana danne tumbi, shi ya sa ba ya iya ci.

Maman Biyu: Mu namu baban jajayen ne suka yi yawa, idonshi jawur, in ya yi wanka sai ƙaiƙayi. Aka ce wani abu cikin ƙwayar jini mai suna JAK2 ne ya canza, jini ake rage mishi lokaci-lokaci.

Mai aikin labo: Hajiya dangi guda ne, makunnin ne daban. Na LMC akwai magani mai suna imatinib tun 2001, shi ke toshe BCR-ABL ɗin kai tsaye, amma kullum ake sha, kada ya ji sauƙi ya aje don ciwon na iya rikiɗewa ya yi tsanani.

Ɗan Ader: Na gode ƙwarai malam, Allah saka. Yau da dare zan kira Inna in karanta mata, gobe muna da randebu zan tambayi lokotoro maganar imatinib ɗin.