Neman shawara: wace sikana ce za ta zauna lafiya da laftof ɗina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ina yi wa wasu 'yan kasuwa aikin lissafi daga gida, kuma takardu sun kusa kore ni daga ɗaki: rasidai, yarjejeniyoyi, bayanan banki, da yawansu gaba da baya aka buga. Kwali huɗu ne cike. Ga kuma takardun shaidar karatun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da tsofaffin hotunansa da nake so in adana. Da waya nake ɗauka, amma inuwa ta hana ni sakat, shafi ya karkace, kafin in yi talatin wuyana ya ƙage. Laftof ɗin Windows 11 ne, ƙofar USB-C biyu kacal gare shi, ɗaya ma caja ce a ciki. Na ga wata sikana an rubuta 4800 dpi, wata 600 kawai amma ita ake ta yabo. Abin ya ɗaure min kai.

Tsohon sakatare: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba. Ƙanwata, fara cire lambar dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, daga ranki, ado ce a jikin kwali. Rubutu 300 yake buƙata, in ƙanana ne ƙwarai a kai 400 ko 600. Takardar A4 a 300 dpi tana ba da ɗigo kusan miliyan 8.7, kuma duk lokacin da kika ninka dpi sau biyu, ɗigon ya ninku sau huɗu. Ribarki a nan fayil mai nauyi da jira, shi ke nan.

Mai kwali huɗu abin da take buƙata shi ne mai zuƙar takarda da kanta, wadda ake ce wa ADF, kuma mai karanta fuska biyu a wucewa ɗaya. Ki zuba hamsin, ki danna, ki juya ga wani aikin. Epson ES-400 II tana ɗaukar 50 a zubi ɗaya, tana cin 35 a minti. ScanSnap iX1600 ita ma 50 take ɗauka, 40 a minti. Ki tabbata akwai abin da ke gane in takarda biyu sun manne sun wuce tare, domin a aikin lissafi shafi ɗaya ya ɓace sai ranar da ake nemansa ido rufe za ki sani. Ni dai na taɓa cin wannan wuyar. Sannan ki cire duk wani fil da kilif kafin ki zuba. Fil ɗaya ya karce gilashin ciki, kowane shafi zai riƙa fitowa da layi daga sama har ƙasa.

Mai gyaran kwamfuta: Tsohon sakatare ya gama magana a kan takarda, bari in yi ta laftof, don a nan mutane ke yin kuka. Hajiya, kafin ki zaɓi komai shiga Settings, System, About, ki duba System type, wato nau'in ƙwaƙwalwar laftof ɗin. In kika ga x64, hanya a buɗe take. In kika ga ARM, wato irin masu Snapdragon ɗin nan, to taka a hankali. Windows tana iya lallaɓa tsofaffin manhajoji su yi aiki a kan ARM, amma direban na'ura, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, dole sai wanda aka yi musamman dominsa. Ki je shafin kamfanin da kansa, ki nemo lambar sikanar, ki ga direbanta da idonki. Abin da aka buga a kwali ba hujja ba ne.

Na biyu, TWAIN. Shi ne yaren da yawancin manhajoji ke magana da sikana da shi. iX1600 ba ta jin sa, sai manhajarta ScanSnap Home. Manhajar tana da daɗin aiki, ban musa ba, amma in manhajar lissafinki tana janyo takarda kai tsaye daga sikana, ba za su gaisa ba. Epson da Brother da Canon galibi suna zuwa da TWAIN, kuma da su za ki iya amfani da manhajar sikanin NAPS2, kyauta ce, ba ta da tarkace.

Batun ƙofa kuwa: manyan masu ADF wutarsu daban take, daga soket, kebul ɗin bayanai kawai yake kaiwa, don haka ƙaramin mahaɗi daga USB-A zuwa USB-C ya wadatar. Ƙananan da ke shan wuta daga laftof, irin Epson ES-50 ko Brother DS-640, su ne ke yin gardama in aka jona su ta rabe-raben ƙofa marar wutar kansa. Ga su kuma ɗaya-ɗaya ake ba su takarda, fuska ɗaya suke karantawa. Na matafiyi ne, ba na mai kwali huɗu ba.

Ɗan autan gida: Anti, me zai hana ki ɗauki firinta mai haɗe da sikana? Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Mai gyaran kwamfuta: Auta, da yawansu fuska ɗaya suke zuƙa, ga rashin sauri, kuma rasidi siriri sai su tauna shi. Ga mai shafi goma a mako ba laifi.

Maman 'yan biyu: 'Yar uwa, ni takardun baba ne suka tsaya min a rai. Don girman Allah kada ki zura su a mai zuƙa, komai kyanta. Roba ce ke jan takarda, tsohuwar takardar da ta bushe ko ta tsage a wurin ninki kuwa ba ta jure ja, kuma in ta yage babu ta biyu. Su da hotunan a shimfiɗa su a kan gilashi, a 600 dpi, mai launi ko da hoton baƙi da fari ne. Canon LiDE 400 siririya ce, kebul ɗaya ne wutarta da bayananta, kuma a nan ne za ki ga 4800 ɗin da kika ambata. Sai dai idonta irin CIS ne, ba ya hangen abin da ya ɗaga daga gilashi, shi ya sa tsakiyar littafi mai kauri ke fitowa dishi-dishi. Mai ido irin CCD, kamar Epson V600, ta fi ta a wannan, amma ƙatuwa ce kuma sai da soket. In takardun ba su wuce ashirin ba, ki ara ta yini ɗaya kawai.

Af, rasidan nan masu santsi da ke fitowa daga na'urar biyan kuɗi, da su za ki fara. Zafi ne ya rubuta su, ba tawada ba, kodewa suke yi tun suna cikin kwali.

Mai tambaya: Kai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba, x64 ne, kuma manhajar lissafina TWAIN take nema, ke nan ScanSnap ta fita. Tambaya ta ƙarshe: zan iya neman suna a cikin takardun bayan na gama?

Tsohon sakatare: Ƙwarai, ki kunna OCR, wato abin da ke karanta rubutun da ke cikin hoto, ki adana a PDF mai bincikuwa. Turanci da lambobi yana kama su da kyau, amma ƙ da ɗ da ɓ ya sha mayar min da su k da d da b, sai ki nema ta hanya biyun. Ki sa wa kowane fayil shekara, wata, rana, sannan sunan mai takarda, za su jeru da kansu. Kwalayen kuma kada ki taɓa su sai kin ajiye kwafi a wuri na biyu, ba cikin laftof ɗin kaɗai ba.