Naitirik oksaid a kunnen jariran ɓeraye: wane rini zan kama?

Ɗalibar Jijiya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina bin yadda jijiyar ji ke kama ƙwayoyin gashi (ƙwayoyin da ke karɓar sauti) a katantanwar kunne, can cikin kunne, kafin ɓera ya fara ji, wajen kwana 12 da haihuwa. Ina neman rinin da zai nuna min naitirik oksaid, sinadarin da ƙwayoyin jiki ke aika saƙo da shi, a wurin. Kuɗina na abu ɗaya ne: rinin NADPH-diaphorase (mai nuna inda enzayim ɗin da ke ƙera sinadarin suke), antibodin nNOS (furotin mai manne wa nNOS, enzayim ɗin da ke ƙera shi a jijiya), ko DAF-2 (rini mai haskawa in ya haɗu da sinadarin kansa). So nake in ga inda sinadarin yake fita daga kwana 0 zuwa 12. Wanne?

Mai Madubi: Wa alaikumus salam. Ki sa L-NAME, maganin da ke hana ƙera sinadarin, ki toshe shi kawai, ki ga abin da zai faru.

Ɗalibar Jijiya: Malam, wurin fitarsa nake nema, ban kai ga toshewa ba.

Tsohon Ɗakin Gwaji: Ƙanwata, ki guji antibodi. Wata 7 na yi ina yanka kunnen da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, hannu na rawa a ƙarƙashin madubi. Komai ya haska kore, har na nuna wa kowa. Da aka gwada a ɓeran da ba shi da nNOS sam, nan ma ya haska. Na rubuta wa kamfanin sau 3, ko gaisuwa ba su mayar ba. Har yau gilasan da na shimfiɗa yankan kunnen a kai na nan a aljihun tebur, na kasa zubarwa.

Mai Madubi: Ai antibodin ya fi araha.

Uwar Ɓeraye: Ina! Ya fi tsada nesa ba kusa ba. Sai dai diaphorase ba ya bambance miki nNOS da 'yan'uwansa eNOS da iNOS, waɗanda su ma ke ƙera sinadarin. DAF-2 kuma sai nama na raye, don sinadarin daƙiƙoƙi kaɗan yake yi ya ɓace. Kuma da kunnen ya yi ƙashi, sai kin jiƙa shi a EDTA, ruwan da ke tausasa ƙashi. Ni kwana 3 nake yi.

Tsohon Ɗakin Gwaji: Mako guda dai.

Uwar Ɓeraye: Yaya, kai a manyan ɓeraye ka yi. Ita jarirai take magana.

Ɗan Sabo: Ɓeran da bai fara ji ba ya huta da wannan gardama, wallahi.

Tsohon Ɗakin Gwaji: Abin da ya fi min ciwo ma, da takardar binciken ta fito babu sunana. Ni na yanka kunnuwan nan duka.

Uwar Ɓeraye: Haka aka yi min bara. Tun wuri ki sa a rubuta jerin sunaye, ƙanwata.

Ɗalibar Jijiya: Na gode, zan yi. To rinin fa?