Kujerar Madam ta karye tana gida wanka, ku ba ni shawara

Abban_Nana:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin aikin kafinta ku taimaka min kafin asirina ya tonu. Madam ta haihu, bayan suna aka tafi da ita gida Gumel wankan jego, yau kwana 26 da haihuwar, kun ga saura sati biyu a yi arba'in a dawo min da ita. To ranar Lahadi abokai suka zo kallon ƙwallo tunda gidan ba kowa, mu shida ne, huɗu suka matsu a kan tiri-sita, ana cin ƙwallo wani abokina mai jiki (ba zan kama suna ba, ya san kansa) ya daka tsalle ya dawo ya faɗa kanta, sai ji muka yi ƙarass! Tsakiyar ta lotsa, yanzu in ka zauna a gefe sai ka ji kana gangarawa kamar za ka faɗa kwata.

Abin da na yi dai a daren, na ɗauko bulo inci shida a bayan gida na cusa a ƙasa, bai kai ba na ƙara da tsofaffin handawut ɗina na makaranta, na ja zanin gado na rufe. Daga nesa lafiya ƙalau. Matsalar ita ce kujerun nan ba ni na saya ba, babanta ne ya yi mata, kayan ɗakinta ne, shekara ɗaya da wata uku da biki. Kuma gwaggonninta ne za su rako ta, a kanta za su zauna. In kira kafinta unguwa ta gani, ko akwai yadda zan lallaɓa ta da kaina?

Dan_Kurna:
Hhhh bulo da handawut, wlh ka burge ni, aƙalla dai karatun ya yi rana. Ni shawarata ka juya ta jikin bango ka jera mata filo, in baƙi sun zo ka ce zafi ake yi a zauna a kafet.

Usta_Kafinta:
Wa alaikumus salam. Da farko cire bulon nan yau ɗin nan, yana tokare wuri ɗaya ne kawai, duk wanda ya zauna katakon ƙara tsagewa yake yi ta gefe, ga shi zai ci mata kafet ya bar shaida.

Ka samu mutum ɗaya ku kifa kujerar. A ƙasanta za ka ga wani baƙin ƙyalle da aka kama da fil, ɓamɓare shi a hankali da sukundireba ta gefe ɗaya, kar ka yaga don za ka mayar. In ka leƙa ɗayan abu uku za ka gani. Ko dai dogon katakon gaba ko na tsakiya ya tsage, ko robobin da aka saƙa a ƙarƙashin soso sun tsinke, ko kuma ƙusa ce kawai ta zare daga mahaɗa. Da jin ƙarar da ka ce, katako ne. Yawancin kujerun aure yanzu da malaina ko afara ake yin ƙashinsu, wani ma ɗanye ne bai gama bushewa ba aka yi aikin da shi, yadi da soso ne ke rufa asiri.

In tsagewa ce, je ka kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo a Kano, wadda ta fi maka kusa, ka sayi guntun katako tu-bai-tiri (mai kaurin inci biyu, faɗin inci uku) busasshe, wanda zai wuce tsagar da kamar taku ɗaya ta kowane ɓangare, ɗaga shi ka ji, ɗanye ya fi nauyi da sanyi a hannu. Ka daddage karyayyen ya koma daidai, ka ɗura gam ɗin katako, Top Bond, cikin tsagar, ka shafa a fuskar sabon katakon, ka manna su, sai ka ɗaure tam da robar tif ta taya tunda na san ba ka da kilam, wato ƙarfen matse katako. Sukuru ya fi ƙusa riƙo, amma sai an fara huda masa rami. In ƙusa za ka sa, inci uku, ka ɗan daki bakinta da guduma ya dakushe kafin ka buga, ba ta saurin tsaga katako haka, kuma kar ka jera su a layi ɗaya. Ka bar ta kwana ɗaya cur ba wanda ya hau. Ni da ni ne zan ƙara mata ƙafa guda a tsakiya daga ciki inda ba a gani, tiri-sita mai ƙafa huɗu kawai dama jiran rana take.

Sufa gulu kuma kar ka soma, ba aikinsa ba ne. Amma fa in ka ga gari-gari yana zuba daga katakon da 'yan ƙananan huji, ƙwaro ne ya ci shi, wannan ba gam ɗin da zai riƙe, sai an canza katakon gaba ɗaya, ka kira mai sana'a.

Maman_Khairat:
Ni ba ruwana da katako, tambayata ɗaya ce, ka gaya mata? Malam mace ta san kayan ɗakinta kamar yunwar cikinta, wlh ko filo ka canza wa wuri tana shigowa za ta gane, balle kujerar da take sharar ƙarƙashinta kullum. Nawa mijin ya taɓa fasa min faranti ɗaya cikin saiti ina gida, ya je ya sayo mai kama da shi ya jera, fulawar jiki ma ba iri ɗaya ba ce, fasawar ba ta dame ni ba kamar yadda ya tsaya yana rantsuwa shi bai ga komai ba. Ka kira ta yanzu tana cikin shan kunun kanwa da lallaɓar mamanta, ranta a sanyaye, ka ce kujera ta samu matsala kana gyarawa. Kuma shi mai tsallen ya kawo kuɗin katako, ba wasa nake ba.

Dan_Kurna:
Hajiya in ya faɗa ai sai an tambaye shi su waye suka zo, nan ne gizo ke saƙar.

Abban_Nana:
Na gode ƙwarai jama'a. Usta ka canka, katakon gaba ne ya tsage daidai wurin wani ƙulli, ba ƙwaro Alhamdulillah, roba biyu ma sun saki na ja na sake bugawa. Mai tsallen shi ya kai ni Na'ibawa a mashin ɗinsa kuma shi ya riƙe min ina bugu, kuɗin dai ya ce sai wata ya yi. Na sa ƙafar tsakiyar, ta ɗan fi sauran tsawo kujerar na rawa sai da na rage ta da zarto sau biyu. Jiya mu uku muka hau, ko ƙis.

Hajiya na bi shawararki na kira ta, ta yi shiru can ta ce ita dai ban da yadinta, sannan ta ce mutum nawa ne, na ce netwok ba kyau.

Yanzu wata sabuwa, garin aiki robar Top Bond ɗin ta kife a kan kafet, ban lura ba sai da safe, ya bushe fari fat kamar faɗin tafin hannu kuma a tsakiyar falo. Usta ruwan ɗumi zai fitar da shi ko kankarewa zan yi?