Wa aka taɓa tare wa hanya a cikin wasa? Kowa ya faɗi nasa

Mai shayin fada, Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gardama ce ta kaure a fadarmu har shayi na uku ya huce ba a sha ba, shi ya sa na kawo ta gabanku. Wasannin intanet da ake haɗa ƙarfi a cikinsu, a shiga kogo tare, a kashe dodo, a raba ganima, shin ya dace a bar ɗan wasa ya far wa ɗan uwansa ɗan wasa? Ba Free Fire ko PUBG nake nufi ba. Waɗannan kowa ya san harbin juna aka zo yi, in ka mutu ka sake shiga, ba abin da ka rasa. Ina maganar irin su Albion Online da RuneScape, inda mutum yake renon jaruminsa a hankali, ya tara kaya, ya kama sana'a. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ban da jita-jita.

Ɗan kabu-kabun Zango:
Wa alaikumussalam. Yaya, ni ka taɓo. Albion nake yi a salula, kuma ni ba mayaƙi ba ne, fata nake tarawa a dajin Bridgewatch. Na zaɓi garin ne don ƙasarsa ja ce, busasshiya, ta yi mini kama da gida. Duk lokacin da fasinja ya yi ƙaranci da rana, sai in laɓe a inuwa in yi ta fiɗar dabbobi. Da kaya suka taru na ɗora wa sa mai ɗaukar kaya, na nufi Caerleon, tunda a wasan kowane gari da kasuwarsa da farashinsa, kuma can ake samun riba. Matsalar ita ce ba ka isa Caerleon sai ka ratsa jan yanki, inda in an kashe ka ake kwashe duk abin da ke jikinka.

Na duba adadin maharan da wasan yake nunawa a gefe, ba yawa. Na kama hanya. Ina tsakiyar daji sai rezo ya ɗauke. San nawa ya tsaya cak a kan gilashi, ƙafa ɗaya a sama, ina ta danna shi ba ya motsi. Na ɗaga salular sama, na koma bakin titi, na kashe data na kunna. Da hoto ya dawo, ga ni a gari tsirara, ba sa, ba fata, ba ko wuƙar fiɗa. Ban ma ga fuskar wanda ya kashe ni ba. To wannan faɗa ne? Wanda ya same ni yana can wata ƙasa da intanet mai ƙarfi, ni kuwa forfe na jika guda nake lallaɓawa. Wallahi ranar ko fasinja ban yi wa fara'a ba.

Telar Karkada:
Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Amma bari in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba: fatar da kake tarawa, don ana kashe mutane take da kuɗi. Ni a wasan ɗinki nake yi, kamar yadda nake yi a gida, rigunan fata da takalma. Kusan duk kayan da ke jikin mayaƙan Albion 'yan wasa ne suka ƙera su, kuma in mutum ya mutu a jan yanki ko baƙi, wani sashe na kayansa lalacewa yake yi gaba ɗaya, maharin ma ba ya samunsa. Gobe dole ya dawo kasuwa. Da ba a mutuwa, kowa riga ɗaya zai saya ya zauna da ita, ni da kai mu tashi a tutar babu. Ni ban taɓa ɗaga wa kowa makami ba, daga shuɗin yanki zuwa rawaya, inda ba a kwashe wa mutum kayansa, nake tsayawa, amma ranar da na ji manyan ƙungiyoyi sun gwabza, na san kasuwa ta buɗe.

Ɗan kabu-kabun Zango:
Hajiya, ke kina gari a zaune, mu ne muke shiga daji.

Mushen lakwal, Sabon Gari:
Yara, wannan gardamar ta girmi yawancinku. Ni a sibar na fara RuneScape, lokacin da ake biyan kuɗin awa, shafi ɗaya ya yi ta buɗewa kamar ba zai ƙare ba. Akwai wani yanki a arewacin taswirar, Wilderness, da rami a bakinsa. Kafin ka tsallake sai an gargaɗe ka. A ƙarshen 2007 masu wasan suka cire faɗan da ake yi a can sakaka, mutane suka yi ta bore, har a 2011 aka mayar da shi bayan an jefa ƙuri'a. Ina cikin waɗanda suka yi murna, ko da yake ni kashe ni ake yi fiye da yadda nake kashewa.

Kafin wannan ma an yi a Ultima Online, wanda ya fito a 1997. Masu kisa suka addabi sababbin shiga, sai a 2000 aka raba duniyar biyu: Trammel inda ba mai taɓa ka sai da yardarka, da Felucca inda aka bar ta yadda take. Jama'a suka kwarara Trammel. World of Warcraft kuma tun 2018 maɓalli suka sa, in kana son faɗa ka kunna, a haɗa ka da masu so. Abin da na lura da shi a shekarun nan, duk wanda ya tsallake ramin nan da ƙafarsa, in an kashe shi haushin kansa yake ji. Wanda aka same shi yana saran itacensa a wurin da ya ɗauka lafiya lau ne, shi ne yake goge wasan ya tafi. Kokowa ma ai a fili ake yinta, da alƙali da makaɗa, kowa ya ɗaura warkinsa da niyya. In ka kama mutum a hanyar kasuwar Dole ka nana shi da ƙasa, ba takobin zakaran kokowa za a ba ka ba.

Kuran Garin Malam:
To ni ne mugun da kuke magana. Tare hanya nake yi, mu 'yan kaɗan, a jan yanki. Mushe, da girmamawa, jan yanki ai shi ne filin. An rubuta maka gargaɗi, ka danna ka yarda. Kuma kada ku ɗauka mu ba ma asara. Da zarar ka ɗaga tutar mahari sunanka ya koma ja, kowa na iya taruwa a kanka, mutuncinka a wasan yana raguwa har a hana ka shiga wasu wurare. Na sha fita da kaya masu tsada in dawo ba ko takalmi.

Dodo kuma, ku yi haƙuri, in ka kashe shi sau da yawa ka haddace shi. Ka san lokacin da zai buga ƙasa, ka san inda za ka tsaya. Mutum ne ba ka san abin da zai yi ba. Akwai wani mai sa da muka bi, ashe tarko ne, abokansa na ɓoye a bayan dutse. Hannuna har rawa yake yi a kan salula, ƙanena yana tambayata ko zazzaɓi ne. Sun kwashe mu tas, amma ba daren da na ji daɗin wasa irin wannan.

Mai kabu-kabu, in ni ne na same ka a tsaye, gaskiya ba zan san rezo ne ba. Mu ma yana ɗauke mana.

Ɗalibar jami'a:
Ni mai warkarwa ce a ƙungiyarmu, a baya nake tsayawa ina cika wa mutane jini. Abin da ya kawo ni wasan shi ne haɗin kan, ka ji Bahaushe da Bazabarme da ɗan Kamaru suna ihu a murya ɗaya kan dodo. Kura, abin da kake faɗa na yarda da shi in faɗa ne na ƙungiya da ƙungiya. Amma akwai wanda ya ji muryata, ya gane mace ce, ya riƙa bibiyata duk inda na fita, in ya kashe ni ya aiko da saƙon banza. Ba kayana yake so ba, ba su kai komai ba. Na toshe shi, ya dawo da wani suna. Sai da na daina magana a murya in ba cikin namu ba. Duk lokacin da aka ce "ai an gargaɗe ki", sai in ce an gargaɗe ni kan asarar kaya ne, ba kan wannan ba.

Mushen lakwal, Sabon Gari:
'Yata, irin wannan ki riƙa ɗaukar hoton saƙon kina kai ƙara wurin masu kula da wasan. Ba ya cikin dokar faɗa ko kaɗan.

Mai cajin salula, bakin tasha:
Nawa gajere ne. Yara biyu da ke kawo caji wurina, unguwa ɗaya, ƙungiya ɗaya. Ɗaya ya ja ɗaya zuwa baƙin yanki da sunan neman ganima, ashe ya haɗa baki da wasu. Washegari a gaban teburina suka shaƙe juna, sai da na ajiye wayoyin mutane na raba. Har yau ba sa zama tabarma ɗaya. Baƙo ya kashe ka a wasa, ka yi tsaki ka kwanta. Amma a garin nan da kowa ya san gidan kowa, abin ba ya tsayawa a cikin salula.

Mai shayin fada, Birni:
Na gode ƙwarai. Ni dai bayan na ji ku, ina nan kan bakana da ɗan gyara. A bar faɗa, Hajiya ta gamsar da ni kan kasuwa, amma a wurin da mutum ya shiga da saninsa, kuma a bar wa mai son zaman lafiya hanyar da zai ci gaba ko da ribarsa ba ta kai ta mai kasada ba. Inda na fi tsayawa shi ne maganar mai kabu-kabu. Ko da Albion ya buɗe sabar Turai, wato na'urar da ke haɗa 'yan wasa, a 2024 jinkirin ya ɗan yi sauƙi, amma wutar kuran da ke ɗaukewa da rezo mai tsinkewa suna nan, kuma kasadar da ɗan Damagaram yake ɗauka in ya ratsa jan yanki ba ɗaya take da ta ɗan Faransa ba. Don haka a fadarmu mun tsayar: ba mai fita da kaya shi kaɗai, sai ayari, da dare bayan isha'i lokacin da rezo ya fi zama, mutum ɗaya a gaba yana duba hanya. Wanda ya ci amanar ɗan ƙungiya kuma an cire shi, ba roƙo. Mai kabu-kabu, in kana so ka biyo mu daren Juma'a.

Ɗan kabu-kabun Zango:
Ina ciki, Yaya. Amma sa nake nema, ko aro ne.

Telar Karkada:
Zan ba ka nawa, ka biya ni da fata.

Kuran Garin Malam:
Wace hanya za ku bi? Tambaya kawai nake yi.

Ɗalibar jami'a:
Kada wanda ya amsa masa.