Muhawara: Farfela mai lamba 17 ta fi mai 13 gudu?

Alhaji (Kano): Salamu alaikum. Jirgin roba ne da ni, inji Yamaha mai doki 40, ina fita da iyali Tiga ranar Lahadi. Farfelar da ke jiki an rubuta 11 1/8 x 13. Wani mai kayan gyara ya ce in sa mai lamba 17, wai duk girman lamba duk gudu. Ni na yarda da shi.

Injiniya (Abuja): Wa'alaikumus salam. Alhaji, kada ka yi gaggawar biya. Lambar farko faɗin farfelar ce, ta biyu takunta, wato incin da za ta ci gaba a juyi ɗaya in babu zamewa. Mai 17 doguwar taku gare ta, gaskiya ne, amma sai in injin zai iya juya ta. Kamar ka tashi mota cike da kaya a giya ta huɗu ne.

Ɗan Legas: Haba Injiniya, kullum ku sai lissafi. Ni na tashi daga 13 zuwa 15, jirgina ya ƙara gudu, idona ya gani.

Injiniya: Ku nawa a ciki?

Ɗan Legas: Ni da direba.

Injiniya: To ka gani. Alhaji, ku nawa?

Alhaji: Mu bakwai, da kula biyu da jarkar mai.

Injiniya: Ga inda maganar take. In injinka samfurin Yamaha Enduro 40 ne, kamfanin ya ce in ka buɗe maƙura gaba ɗaya injin ya tsaya tsakanin juyi 4,500 da 5,500 a minti. Duk inci ɗaya da ka ƙara a taku, juyin zai sauka da kamar 150 zuwa 200. A ce da iyalinka kana samun 4,800 da mai 13. Ka sa mai 17, ka faɗo wajen 4,100. Jirgin zai ɗaga hanci, ya ƙi hawa saman ruwa, ya yi ta turawa kamar garma. Mai ya ƙone a banza, fulogi ya yi baƙi, fistin ya sha zafi. Kuma Tiga ba Legas ba ce. Ƙasar Kano ta fi bakin teku tudu, inji kuwa yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau.

Ɗan Legas: To sai kowa ya koma mai 11 ke nan, mu zama kunkuru.

Bakanike (Kainji): A'a oga, wannan ma ɓarna ce. Ƙaramin taku a jirgi mara nauyi, inji ya wuce iyakarsa yana ihu, ba a daɗewa sai an kawo mana shi. Amma gaskiya waɗanda nake buɗewa, masu babbar farfela da lodi sun fi yawa.

Baba (Yawuri): Yara, kuna ta lamba, ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashin ruwa. Tun da aka tare Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya ci suna nan, in ruwa ya ja baya kututture ne ko'ina. Alhaji, ta wane ƙarfe mutumin ya nuna maka?

Alhaji: Fara ce, Baba, wadda ba ta tsatsa. Ya ce ta fi alminiyon nesa ba kusa ba.

Baba: Ta fi ƙarfi, shi ne ma abin tsoron. Na taɓa dukan kututture da irinta, farfela ko ƙwarzane ba ta yi ba, sandar giya ce ta lanƙwashe. Ta alminiyon da kunnenta zai karye, in canza da yamma, gobe in fita.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, akwai roba a cibiyar farfela da aka yi don ta zame in an yi karo. Kuma farar farfelar, kunnuwanta sirara ne, ba sa lanƙwasa in an taka wuta, shi ya sa ta fi riƙe ruwa.

Baba: Ɗana, robar tana nan ranar da sandata ta lanƙwashe.

Bakanike: A doki 40 bambancin bai kai kuɗin ba. Da doki 150 ne sai mu zauna mu yi magana. Ni abin da ya fi kawo min aiki ma zaren taru ne, ya naɗe bayan farfela, ya cinye robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Ku riƙa cire farfela kuna dubawa, don Allah.

Ɗan Legas: Ni dai mai 15 ɗina tana nan, ba abin da ya same ni.

Injiniya: Ba wanda ya ce ka cire. Jirginka fayau yake. Alhaji, agogonka mai auna juyin inji nawa yake nunawa in kun cika kun buɗe wuta?

Alhaji: Wane agogo? Jirgin ba shi da shi.

Bakanike: Ikon Allah. Akwai ƙarami na hannu, wayarsa ake naɗawa a wayar fulogi. Ka ara, ku shiga ku bakwai da kulolinku, ka karanto mana. In bai kai 4,500 ba, mai 11 ko 12 za ka nema.

Alhaji: Ai na riga na ba da kafin alƙalami a kan mai 17 ɗin.

Baba: To ka ce ya canza maka da ta alminiyon guda biyu, ɗaya a jiki ɗaya a akwati, da sifana.