Farin ɗigo ya fito wa kifayena: in zuba gishiri a tankin ko in bari?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tankin kifin ado na ruwan daɗi mai cin lita 80. A ciki akwai gupi takwas (ƙananan kifayen ado masu jela mai launi), koridoras huɗu (ƙananan nan masu gashin baki da ke kiwo a ƙasan tanki), dodon koɗi biyu, da tsirrai masu rai. Biyu daga cikin gupin sababbi ne, kuma tun zuwansu na fara ganin fararen ɗige-ɗige a jela da fukafukai, suna ta goga jiki da dutse. Wanda ya sayar min ya ce gishiri ne maganin. To, in zuba a tankin gaba ɗaya duk da koridoras da tsirran nan? Nawa zan zuba? Kuma gishirin girki zai yi? Yau nake so in yanke shawara, don ɗigon ƙaruwa yake yi.

Mai Kududdufi:
Wa alaikumus salam. Zuba kawai ɗan'uwa, kada ka ji tsoro. Mu da ke kiwon tarwaɗa ba ma rabuwa da buhun gishiri. Kifi ya ji ciwo, gishiri. An yi jigilarsa ya galabaita, gishiri. Ban taɓa awo ba, da hannu nake dibga shi.

Maman Biyu:
Babban cokali ɗaya ga kowace lita 19, haka aka rubuta a jikin kwalin da nake amfani da shi. Kifayen zinariyata sun warke sarai. Amma ka sayi na tankin kifi, kada ka taɓa na girki, ayodin ɗin ciki kashe kifi yake yi.

Ɗan Lissafi:
Hajiya, wannan awon naki kusan giram 1 ne a lita, don babban cokali na ɗaukar wajen giram 17 ko 18. Masu yaƙar farin ɗigo da gishiri zalla kan kai giram 2 zuwa 3 a lita, ka ga a tankinsa ana maganar giram 240 ke nan in an kai ƙarshen awo. Shi ma lita 80 ɗin a baki ne, in ka cire tsakuwa da duwatsu ruwan bai kai haka ba. Cokali kuma mayaudari ne, gishiri mai gari da mai tsakuwa ba nauyinsu ɗaya ba. A nemi sikeli. Batun ayodin kuwa, ɗan abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Gishirin tanki da na girki duk abu guda ne, kwali kawai ake sayar muku da tsadar banza.

Maman Biyu:
Wace tsada Malam? Kwali ɗaya sai ya shekara bai ƙare ba. Kuma na girkin ai ana sa masa sinadarin hana dunƙulewa, wannan fa?

Baban Tanki:
Ɗana, kafin ka buɗe kwalin nan saurari nawa labarin. Ina da tanki da na raina tun yana fanko, koridoras da ƙananan kifayen tetira da tsirrai har sun rufe gilashin baya. Babu kifin da ke ciwo. Wani mai sayar da kifi, mutumin da na yarda da shi, ya ce min duk bokitin ruwan da zai shiga tanki in sa masa cokalin gishiri, wai rigakafi ne. Bai ce min komai ba game da bambancin canjin ruwa da cikon ruwa. Ruwa ya ragu saboda zafi, in ciko da mai gishiri. Ya sake raguwa, in sake cikowa. Ashe ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan zaune yana taruwa. Tsirrai suka fara nuna alama: ganyen ya koma shara-shara, in ka taɓa sai ya narke maka a yatsa. Na koma wurinsa, ya ce fitila ce ta yi rauni, ya sayar min da sabuwa. Dodon koɗi suka shige gida suka rufe ƙofa. Farin ɓawo ya bushe a bakin murfi, ina gogewa yana dawowa. Sai koridoras suka fara kwanciya a gefe ɗaya suna numfashi da ƙyar, kullum da safe in tsamo ɗaya ko biyu. 'Yata ta raɗa wa kowannensu suna, ita ce ma ke fara leƙawa kafin ta tafi makaranta. Ranar da na ɗanɗana ruwan da harshena na ji zartsi, aikin gama ya gama. Da na gaya masa, budar bakinsa sai cewa ya yi dama koridoras ba su da ƙwari. Har yau ban sake sayen ko abincin kifi a hannunsa ba.

Maman Biyu:
Allah sarki, Baba. Allah ya mayar da alheri. Yarinyar ce ta ba ni tausayi wallahi.

Mai Kududdufi:
Baba, a yi haƙuri, amma wannan ba laifin gishiri ba ne. Ko zuma ce aka yi ta ɗura wa mutum sai ta kwantar da shi.

Baban Tanki:
Kai da ke dibga da hannu ne za ka koya min awo? Ruwanka kullum sakinsa kake yi kana tara sabo, gishirin bai kwana. Kuma kifin da za a sayar bayan 'yan watanni daban, wanda ake so ya shekara biyar a falo daban.

Sarkin Zolaya:
Jama'a ni dai dodon koɗin nan biyu nake tausayi. Tun da suka ji ana ambaton gishiri suka fara sallama da maƙwabta. Sa'arsu ɗaya, gidan a bayansu yake, ba sai an nemo motar kwasar kaya ba.

Ɗan Lissafi:
Bari in faɗi abin da gishirin yake yi, don a daina ɗaukarsa kamar laya. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, shi ya sa ruwa ke ta kutsawa jikinsa, shi kuma yana ta fitar da shi ta fitsari. In ya ji rauni ko ya galabaita, ɗan gishiri na rage masa wannan wahalar. Na biyu, a sabon tanki da naitirait (gubar da ke samuwa daga kashin kifi) ya hau, gishiri kaɗan na hana gubar shiga jininsa. Na uku shi ne ƙwayar farin ɗigo, ita kuma tana da wayo: muddin tana cikin fatar kifi babu abin da ke taɓa ta. Sai ta faɗo ƙasa, ta hayayyafa, 'ya'yan sun fito suna iyo suna neman kifi, a nan ne ake samun su. Shi ya sa ake ɗaga hita a hankali zuwa wajen digiri 30 don zagayen ya yi sauri, a ƙara famfon iska saboda ruwan ɗumi bai riƙe iska sosai, a kuma ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Kada a kuskura a ɗauko gishirin tankin ruwan teku, wannan haɗi ne daban, zai canza maka ruwan. In kuma akwai ziyolait (tsakuwar da ke tsotse gubar amoniya daga ruwa) a cikin matatarka cire shi, gishiri na sa ya sako amoniyar da ya tsotse.

Baban Tanki:
Duk wannan a littafi ka gani ko a tankinka? Kifi nawa ka taɓa binnewa?

Ɗan Lissafi:
Baba, da girmanka, yawan binne kifi ba shi ne shaidar ƙwarewa ba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. To in na ware masu ɗigon a wani bokiti na sa musu gishirin a can fa, koridoras sun tsira ke nan?

Yayar Moli:
Ƙanena, ware su bai fitar da cutar daga tankin ba, ta riga ta zuba a tsakuwa. Ni kifin ado da ake kira moli nake kiwo, su ko a jikinsu, har ruwa mai zartsi suna rayuwa a ciki, don haka ba zan ce maka ga awon koridoras ba. Amma abin da ya fi ci min rai a maganar nan, daga ina cutar ta zo? Daga hannun wanda yanzu yake ce maka ka zuba gishiri. Na taɓa tsayawa ina kallo, mataccen kifi na yawo a saman tanki, yaron shagon ya sa raga ya tsame shi, da ragar nan dai ya kamo min nawa ko ɗauraya babu.

Maman Biyu:
Yaya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kuma yawancinsu tankunan a haɗe suke da matata ɗaya, ciwon tanki guda na kowa ne. Ni yanzu duk sabon kifi sai ya yi sati uku a ƙaramin tanki shi kaɗai kafin ya ga sauran.

Mai Kududdufi:
To ku ma masu saye kuna da naku. Mutum ya ga kifi ya maƙale fukafukai yana rakuɓe a lungu, ya ce shi yake so don launinsa ya fi kyau.

Baban Tanki:
Wanda bai sani ba fa? Ai aikin mai sayarwa ne ya ce wannan ba shi da lafiya, bari sai wani satin. Wanne ne a cikinsu ya taɓa mayar maka da kuɗi don kifi ya mutu washegari? Nawa ma cewa ya yi in kawo gawar a leda ya gani, da na kai kuma ya ce ai ba a tankinsa ta mutu ba.

Sarkin Zolaya:
Baba, da ka tambaye shi ko yana bayar da takardar shaidar mutuwa.

Yayar Moli:
Ku bar dariya, ni sau ɗaya aka taɓa musanya min, shi ma da kifin da ya fito daga tankin da na farkon ya kwaso ciwon. Akwai wanda ya san mai sayarwar da ke ware sababbin kaya kafin ya fito da su kuwa, ko duk kanwar ja ce?