Abin da aka tattauna kan injin jirgi mai tsimin mai

Jama'a ga taƙaitaccen abin da muka kwaso jiya da yamma a Lugbe ta Abuja wajen injiniyoyin da ke gyaran jirage, musamman don ƙannenmu masu shirin tafiya kwalejin jiragen sama ta Zariya.

Maganar ta fi tsawo kan fankar gaban inji. Sun ce ku fara gane wannan tukuna, yawancin iskar da fanka ke zuƙa ba ta shiga inda mai ke ƙonewa, gefe take bi ta tura jirgin, to iya girman fanka iya sauƙin shan mai, shi ya sa 'yan kamfanin ƙera inji na Pratt & Whitney suka saka giya tsakanin fanka da tarbain (wato abin da iska mai zafi ke juyawa a bayan inji, shi kuma ya juya fankar), fanka na juyawa a hankali shi kuma tarbain yana gudunsa, irin injin nan ne a jikin jirgin A220 na Ibom Air. Ni dai wallahi dabarar nan ta fi burge ni.

Injin LEAP na kamfanin CFM kuwa da ya fara aiki a 2016 yana rage shan mai kusan kashi 15 cikin 100 a kan tsohon injinsu CFM56, har da sassan yumbu masu jure zafi a cikinsa.

Wani dattijo cikinsu ya ja kunne sosai kan ƙurar hunturu, tana cinye fukafukan kwamfureso (wato sashen da ke matse iska kafin ta shiga inda mai ke ƙonewa), a dinga wanke inji a kan kari, a leƙa cikinsa da kyamara.